Maikuɗi Ya Yi wa Kwamfuta Ɗori

Gidanmu gidan maɗora ne. Duk wanda ya karye tsakanin Kabo da Dugabau, a zaurenmu ake sauke shi. Yayana marigayi Hadi shi ya fi kowa hannu a cikinmu. Ya rasu ya bar ɗa namiji guda, Maikuɗi. Sunan ne kawai.

Maikuɗi ya yi shekara goma a gaban ubansa, bai iya ɗaure ƙafar akuya ba. Daga nan ya tafi Kano, ya yi wata huɗu yana riƙe wa wani mai gyaran waya lema a bakin kasuwa. Ya dawo da sukundireba uku a aljihun gaba, da tabarau marar magani, ya ce daga yau a kira shi Injiniya. Ya gyara rediyon Liman, ta daina kama kowace tasha sai tsaki. Ya gyara fankar masallaci, ta koma juyawa baya, tana hura wa rufi iska mu muna gumi a ƙasa.

Matarsa Zinnira ba irinsa ba ce. Tana karatun aikin lafiya a Gwarzo, shekarar ƙarshe. Wata takwas ta yi tana bin rijiyoyin Dugabau da Getso da 'yan kwalabe, tana ɗibar ruwa, tana rubuta abin da ta gani. Duk rubutun yana cikin kwamfutarta, irin mai murfin nan da ake ɗorawa a cinya. An faɗa musu ranar Alhamis ƙarfe biyu za a rufe karɓa. Wanda bai kawo nasa a buge a takarda ba, sai baɗi.

Ran Litinin da hantsi ta ce sabis ya yi rauni, tana son ta aika wa malaminta saƙo.

Maikuɗi ya ce, "Sabis ai tsuntsu ne, a sama yake sauka. Kawo."

"Baban Mahbub, bar shi. Zai dawo da kansa."

"Ina gidan nan za ki zauna jiran sabis? Kawo, na ce."

Ya jingina tsani a jikin rumbu. Ya ɗora kwamfutar a buɗe a tafin hannu ɗaya kamar mai tallan tsire, wayar a haƙori, ya fara hawa. A mataki na biyar ya juyo don ya ga ko maƙwabta na kallonsa. Suna kallo. Kwamfutar ta sulluɓe, ta faɗa kan tarin harawa, ta gangaro ƙasa ta kife.

Zinnira ta yi salati ta ɗauka. Gilashin bai fashe ba. Ta kunna, ta kawo wuta, amma fuskar ta cika da zane-zane, ja da kore, tana ƙyaftawa kamar ido mai hakiya. Da ta ɗan sunkuyar da murfin sai rubutun ya dawo tas. Ta ɗaga, ya ɓace. Ta sunkuyar, ya dawo.

Ta ce, "Alhamdu lillahi, yana ciki. Ina filashina? In kwashe aikin tun tana nunawa."

"Wane filashi?"

"Shuɗin nan da nake ajiye kwafi."

"Au, wannan. Ai na ga takardu ne kawai a ciki, na goge na zuba wa direban Getso waƙoƙi."

Ta dube shi. Ta naɗe kwamfutar a mayafi ta ce za ta kai wa Badi'a. Badi'a wata mace ce mai shagon gyaran kwamfuta kusa da tashar Gwarzo, kowa ya san ta.

Maikuɗi ya tare ƙofa. "Wa? Matar Injiniya ta fita da kwamfuta neman magani a gidan mace? Da wane ido zan kalli majalisa? Abu ya faɗi a gidan maɗora, a ce an kai shi waje? Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe."

Ya fizge ya yi zaure da ita.

Ina zaune a zauren ina gyaran igiya. Sajo wanzami yana gefe yana wasa aska. Sa'an Maikuɗi ne, tare suka tashi, kuma ba abin da Sajo yake so a duniya kamar ya ga Maikuɗi ya fara aiki. Kafin a shimfiɗa tabarma mutum goma sun taru.

Maikuɗi ya kwantar da kwamfutar, ya naɗe hannun riga, ya sa tabarau.

Ya ce, "Jama'a, faɗuwa iri uku ce. Akwai targaɗe, akwai gocewa, akwai karaya. Abin da 'yan birni ba su gane ba ke nan. Su da an kawo musu abu sai su ce a sayi sabo. Ni na haɗa ilmi biyu, na gida da na zamani. Daga nan har Gwarzo ba mai su sai ni."

Sajo ya ce, "Wallahi kuwa. Har Katsina ma."

Ya rufe ido ya fara lalube da manyan yatsu, yadda ya ga ubansa yana yi. Ya bi gefe, ya bi baya, ya zo mahaɗar murfi ya tsaya.

"Ga ta nan. Gocewa ce, a ƙugu. Kun ga in an tanƙwara tana jin daɗi, in an miƙe tana kuka? Haka gocewa take."

Na ce, "Kai, ajiye kayan mutane."

"Baffa, da girmanka. Zamaninku na ƙashi ne, namu na lantarki."

"Ƙashin ma ka iya?"

Ya yi kamar bai ji ba. Maganin gocewa ja ne. Ya ce Sajo ya riƙe ɓangaren madannai, shi ya kama murfi, ya tokare ƙafa a gwiwar Sajo.

"In na ce bisimilla ka riƙe da ƙarfi."

"Ba za a ba ta tsumma ta ciza ba?"

"Riƙe, malam!"

Ya ja. Muka ji ƙas.

"Kun ji? Ta koma mazauninta."

Murfin ya koma yana lilo kamar kunnen tunkiya. Zanen bai tafi ba. Sai ya ce saura daidaitawa, ya ɗora babban yatsa a kusurwar gilashin ya danna da iyakar ƙarfinsa. Wani baƙi ya ɓullo a ƙarƙashin yatsan, ya fara yaɗuwa kamar an zubar da tawada a kan allo. Kafin ya ɗaga hannu ya cinye rabin fuskar.

Zinnira tana leƙe daga ƙofar cikin gida. Ta ce, "Inna lillahi! Baban Mahbub, me ka yi?"

"Kwantar da hankalinki. Mataccen jini ne. Da yana ɓoye, yanzu ya fito fili. Ai nasara ke nan. Gobe za a cire shi."

Ya kulle kwamfutar a ɗakinsa, ya jefa makulli a aljihun wando.

Ran Talata zauren bai ɗauki mutane ba, har waje. Mai shayi ya matso da teburinsa. Maikuɗi ya fito da mara lafiya a kan faifai, ya ce Sajo ya buɗe zabira ya ba shi ƙaho.

Sajo ya ce, "Ƙaho kuma?"

"A Kano da idona na gani. Akwai wata roba da suke mannawa a gilashi su ja. Ƙaho ne, Bature ya sata ya sa masa roba. Namu ne na asali."

"Shekara ashirin ina ƙaho, ban taɓa yi wa wanda ba shi da fata ba."

"Shi ya sa har yau kake wanzami, ni nake Injiniya."

"Gaskiya ne. To ai sai an yi tsaga jini ke fita, ranka ya daɗe."

Da wasa Sajo ya faɗa. Maikuɗi ya karɓi aska da gaske. Ya yi wa gilashin tsaga shida a jere, ƙiiƙ, ƙiiƙ, har haƙoran mutane suka mutu. Ya kafa ƙaho a kai, ya sa baki ya fara zuƙa. Ya zuƙa har jijiyar wuyansa ta tashi. Ya zuƙa har idonsa ya yi ja, hula ta faɗi. Ya toshe bakin ƙahon da danƙo, ya koma gefe yana haki.

"A ba shi minti goma ya tara."

Indo mai ƙosai ta ce daga baya, "Injiniya, in jinin ya fito a binne shi, kar kaji su sha su fara turanci."

Aka yi dariya. Shi ma ya yi, ya ɗauka yabo ne.

Da minti goma suka cika ya zo cirewa. Ƙaho ya ƙi. Gilashi santsi gare shi, ya kama kam. Ya girgiza, ya ƙi. Sajo ya ce ya ɓare danƙon iska ta shiga. Ya ce kar a koya masa aiki. Ya taka gefen kwamfutar da ƙafa, ya murɗa, ya fizga. Ƙahon ya fito, Maikuɗi ya faɗa kan teburin mai shayi, gilashin ya tsattsage daga wannan kusurwa zuwa waccan kamar saƙar gizo.

Ya tashi yana kakkaɓe sukari daga riga. Ya leƙa cikin ƙahon. Ba komai. Ya dubi gilashin ya daɗe.

Ya ce, "To. Yanzu gaskiya ta fito. Ashe karaya ce tun farko, ta ɓoye a bayan gocewa. Irinta ta fi kowace wuya. Da 'yan birni aka kai wa, da ba su gano ba."

Na ce, "Kai ka karya ta, muna gani."

"Baffa, ni bayyana ta na yi."

Ya aika cikin gida a dafa ruwa. Ya tsoma tsumma ya matse sama-sama, ya dinga gasa ta, gaba da baya, tururi na tashi, ruwa na bin tsakanin madannai. Ya ce a kawo man shanu. Ya kwashi dunƙule kamar ƙwan agwagwa ya mulke ta, ya cusa a duk wata kafa da ya gani a gefe, ya ce nan ne jijiyoyin suke. Ya yi tofi sau uku. Ya rufe murfi, ya jera karan dawa sama da ƙasa, ya naɗe da tsohon rawanin ubansa, ya ɗaure tamau.

Sai ya ce a kamo zakara. A gidanmu, in karaya ta yi tsanani, akan karya ƙafar zakara a ɗaure tare da ta mutum. Ran da zakara ya taka, mutum ya kusa tashi.

Zakara ɗaya ne a gidan, na uwarsa ne, Inna Uwaliya. Ta fito da muciya a hannu.

"Wa ya ce a kamo zakara?"

"Inna, al'ada ce."

"Ka taɓa zakaran nan, wallahi kai za a yi wa ɗorin, kuma ba Baffanka ne zai yi ba, kai za ka yi wa kanka. Ubanka mutane ya ɗora suka tashi suka yi noma. Kai ka rasa abin ɗaurewa sai karatun yarinya?"

Aka bar zakara.

Maikuɗi ya juya ga jama'a. "Ba mai taɓa ta sai bayan kwana arba'in."

Zinnira ta fito zauren gaba ɗaya, abin da ba ta taɓa yi ba in da maza. "Arba'in? Jibi ne Alhamis! Wata takwas ina bin rijiya a rana, Baban Mahbub. Jibi ƙarfe biyu!"

Ya shafa gemu. "Shekararta nawa?"

"Wa?"

"Mara lafiyar."

"Biyu da saye."

"Ah, to yarinya ce. Ƙashin yaro ba ya daɗewa. Kwana biyu ya ishe ta. Alhamis da safe za a kwance, ki ga fuska kamar ta amarya."

Ya mayar da kwamfutar ɗaki ya kulle.

Da la'asar Zinnira ta same ni ta durƙusa. Ta ce, "Baffa, ka sa baki."

Na kira shi na ce ya buɗe ɗakin. Ya ce ai ni na koya masa ba a kwance ɗori kafin lokaci ko hakimi ne ya ce. Gaskiya ne na faɗa. Game da mutum na faɗa. Na ce a ɗauko mini gatari in ɓalle ƙofar. Zinnira ta ce in bari, ta kira Badi'a a waya. Badi'a tana Kano sayen kaya, sai Laraba da yamma za ta dawo. Ta ce ɓarnar da za a yi an riga an yi, kar dai a sake kunnawa, a kawo mata Alhamis da sassafe. Na ajiye gatari.

Ran Laraba Maikuɗi ya shimfiɗa darduma a ƙofar ɗaki ya zauna karɓar 'yan dubiya. Kuma sun zo. Mutanen unguwarmu ba sa barin abin dariya ya wuce su.

"Injiniya, ya mai jiki?"

"Da sauƙi, alhamdu lillahi."

"Ta samu barci?"

"Ko motsi ba ta yi ba."

"Ai alama ce mai kyau. Tana ɗan taɓa abinci?"

"Sai an kwance za a ba ta caji kaɗan-kaɗan."

Indo ta kawo kunun tsamiya a kwano ta ce a ba mara lafiya. Ya shanye ya ce ya isar. Kafin azahar ya sa an rubuta masa allo an kafa a ƙofar zaurenmu: ASIBITIN ƘASHI DA KWAMFUTA. Na cire na sa a murhu. Ya ce hassada ce irin ta cikin gida.

Alhamis tun da aka sallame asuba Zinnira ta shirya. Shi kuma sai ya ce ba a nan za a kwance ba.

"A Gwarzo, a ƙofar shagon Badi'ar. Ai can za ki buga takardun ko? To ta gani da idonta, mutanen Gwarzo su gani. In ta nemi in ɗauke ta koyo, zan duba."

Ya shiga wanka. Ya fito ya ce babbar rigarsa ba guga. Aka yi guga. Ya ce sai 'yan majalisa sun taru, don aiki irin wannan yana son shaidu. Ya yi shatar a-kori-kura, ya zauna a gaba da ƙunshin a cinya, mu goma sha biyu a baya da ni da Sajo da Zinnira. A hanya ya hana direba gudu, wai kar a girgiza mara lafiya. Keke ya wuce mu. Jaki da kaya ya kusa.

Sai sha biyu saura muka isa. Zinnira ba ta daina duba agogon waya ba.

Badi'a ta fito ƙofar shago. Gajeriya ce, da tabarau, nata na gaske. Ta gaishe ni da ladabi, ta dubi ƙunshin.

"Zinnira, ina kwamfutar?"

"Ga ta nan."

"Wannan ba kilishi ba ne?"

Maikuɗi ya sa aka fito da tebur bakin titi. Ya tafa hannu. 'Yan acaɓa suka taso, 'yan tasha suka taso, masu rake da masu lemo suka turo baro. Ya yi jawabi. Ya ce shi jikan maɗora ne, ɗan maɗori, kuma Injiniya. Ya ce yau za a ga bambancin gado da karambani. Ya ce duk mai mataccen talabijin ko firji ya kawo Kabo, layi ne.

Zinnira ta ce, "Baban Mahbub, sha biyu ta wuce."

"Gaggawa aikin shaiɗan."

Ya yi bisimilla ya kama bakin rawani. Zagaye na farko, wari ya tashi, irin na man shanun da ya kwana biyu a ɗaki mai zafi. Na gaba suka ja baya. Zagaye na biyu, wani ɗan acaɓa ya ce, "Malam, karan nan motsi yake." Zagaye na uku, kiyashi suka ɓarke.

Ban taɓa ganin kiyashi irin na ranar ba. Duk na unguwarmu sun ji labarin man shanu sun tare a ciki da iyalansu. Suka malalo kan tebur, suka bi yatsunsa, suka shige hannun babbar riga. Ya daure ya ce, "Wannan ba komai, ciwon ne ke fita." Sai suka kai hammata. Ya yi tsalle. Ya mari wuyansa, ya mari cinya, ya cire hula ya jefar, ya tuɓe babbar riga ta maƙale a kai, ya dinga juyi a tsakiyar titi ba ya gani, har ya ture baron mai lemo. Yaran tasha suka ɗauki tafi suna ba shi kiɗa.

Sajo ya ce, "Jama'a a ba shi fili, cikin aikin ne."

Da ya fito daga rigar, daga shi sai singileti, ya dawo tebur yana soshe-soshe. Ya ce, "Yanzu ku kalli fuska." Ya kama murfi ya ɗaga. Murfin ya taso a hannunsa gaba ɗaya, ya bar sauran a kan tebur, wata siririyar waya tana reto a tsakani.

Sai wani tsoho mai goro ya ce, "Allahu akbar. Ɗaya aka kawo, ya mayar biyu. Wannan ai albarka ce."

Titin ya ɗauki dariya.

Badi'a ba ta yi dariya ba. Ta ce, "Zinnira, ran da ta faɗi, gilashin ya fashe?"

"Ko tsaga babu."

"Me take yi?"

"Zane-zane. In na sunkuyar da murfin sai ta dawo daidai."

Badi'a ta ɗaga siririyar wayar nan da yatsa biyu ta nuna wa mutane. "Kun ga wannan? Ita ke kai hoto daga ciki zuwa gilashi. Faɗuwar ce ta sa bakinta ya ɗan zame. A buɗe, a tura ta, a rufe. Aikin minti goma. Ko kuɗin shayi ba zan karɓa ba."

Maikuɗi ya ce, "Ai abin da na ce ke nan. Gocewa."

"Wannan tsagar fa?"

"Ta ƙaho ce."

"Ƙaho." Ta cire tabarau ta goge ta mayar. "Wannan ruwan?"

"Gashi."

"Malam, me ta yi maka?"

Ta kwashi gangar jikin ta shiga shago, muka bi ta. Ta ce ba za ta kunna ba, ruwa da mai sun shiga ko'ina, tana sa wuta za ta ƙone. Abin da ya rage shi ne a ciro ma'ajiyar da rubutun yake ciki, in Allah ya sa mai bai kai can ba. Ta kifa ta, ta ɗauki sukundireba. Kan kowane noti ya cika da man shanu, sai zamewa yake. Tana gogewa da auduga tana kwancewa, kiyashi na bin hannunta tana hurewa. Ƙarfe ɗaya saura kwata ta ɗaga marfin ƙasa. Ta zaro wani ɗan abu, bai fi tsawon yatsa ba, ta duba shi a haske, ta goge gefensa.

Ta ce, "Saura ƙiris."

Ta sa shi a wani ɗan gida, ta haɗa da tata kwamfutar. Zinnira ta kama gefen tebur da hannu biyu. Sai ga sunaye sun jeru a fuska. Zinnira ta nuna ɗaya da yatsa. Aka buɗe. Ga rijiyoyinta nan, shafi sittin da huɗu, ba wanda ya ɓace.

Ta zauna a ƙasa ta rufe fuska da mayafi.

Badi'a ta danna bugawa. Na'urar ta ja takarda, ta fitar da shafi tara. Aka ɗauke wuta.

Badi'a ta fita baya ta ja janareta. Ya yi tari ya mutu. Ta sake ja, ya sake mutuwa. Ɗaya da minti goma.

Sai muka ji murya daga ƙofa. "Ku matsa. Wannan ciwon na san shi. Sanyi ne ya kama masa ƙirji."

Maikuɗi ne, ya zaro sukundireba daga aljihun wando ya nufi janareta.

Ban san lokacin da na ce, "Ku riƙe shi!" ba. 'Yan acaɓa huɗu suka rufa masa. Suka kwantar da shi a kan benci, Sajo ya zauna a bayansa, mai goro ya karɓe sukundireba ya jefa kan rufin kwano.

"Ku sake ni! Taimako zan yi!"

Sajo ya ce, "Kwanta, Injiniya. Ba mai kwance ka sai bayan kwana arba'in."

Badi'a ta goge fulogi ta mayar, ta ja, janareta ya tashi. Takardu suka ci gaba da fita, ɗaya bayan ɗaya, Zinnira na tarewa tana jerawa. Da aka gama Badi'a ta huda gefe ta ɗinke, ta sa bango. Biyu saura minti ashirin da biyar.

Ta zuba ɓangarorin kwamfutar biyu a leda ta ajiye a gaban bencin. "Ga mara lafiyarka. A yi mata sutura."

Mai goro ya ɗaga hannu. "Allah ya jiƙan rai."

Titi ya amsa, "Amin!"

Maikuɗi ya ɗago kai daga ƙarƙashin Sajo. "Kwananta ne ya ƙare. Magani ba ya hana ajali. Kuma ku tambayi kanku, da ban ɗaure ta tamau ba, da rubutun nan bai zube a hanya ba?"

Sajo ya ɗaga shi. Maikuɗi ya miƙe yana susa, ya ga takardun a hannun matarsa, ya miƙa hannu.

"Kawo in riƙe miki. Na san wata gajeriyar hanya ta bayan kasuwa, minti uku mun isa."

Zinnira ta dubi hannun. Man shanu har gwiwa, kiyashi biyu na yawo a kai. Ta juya ta ce, "Badi'a, ara mini zani."

Badi'a ta miƙo. Zinnira ta sunkuya a gaban duk mutanen tasha, ta ɗora takardun a gadon bayanta, ta yafa zani, ta ɗaure a ƙirji, ta ƙara ɗaurewa a ciki, yadda take goya Mahbub. Ta saki mayafi a kai. Ta ce mini, "Baffa, a yi mini addu'a." Ta kira ɗan acaɓan da ya fi kowa tsufa ta hau.

Maikuɗi ya bi su da gudu, da singileti, takalmi ɗaya. "Maman Mahbub! In sun tambaya wa ya taimaka miki, ki ba su lambata!"

Ba ta waiwayo ba.

An karɓa saura minti shida. Da ta dawo ta ce malamin ya ɗaga takardun ya shinshina, ya tambaye ta ko a kan rijiya ta yi binciken ko a kan man shanu. Ta ce masa a kan haƙuri.